Knip: ya tono laburaren da muke ɗauke da su a banza

Duk mai rubuta manhaja da JavaScript ya san yadda package.json, fayil ɗin da ke lissafa laburaren da manhaja ta dogara da su, ke kumbura. Yau ka jawo laburaren wani, wato kod ɗin da ya riga ya rubuta, daga rumbun npm don ya rage maka aiki, gobe tsari ya sauya, shi kuwa yana nan zaune. Haka manhajarmu ta zama, wadda masu shaguna a Aboabo da Kejetia a nan Kumasi ke rubuta ciniki da bashi a cikinta. Shi ya sa muka gwada Knip, kayan aikin gano laburaren da ba a amfani da su, wanda Lars Kappert ya ƙirƙira, kuma kyauta ne.

Ba ya kunna manhaja, karanta kod ɗinta yake yi. Daga fayil ɗin farko zai bi duk inda aka kira wani laburare, sannan ya lissafo waɗanda ba a taɓa kira ba, da fayilolin da ba kowa ke amfani da su. Sakamakon ya fito da sauri, kuma da muka bi shi ɗaya bayan ɗaya, gaskiya ya faɗa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don laburaren da ba ya aiki ma ƙofa ce a buɗe: a 2018 ta cikin wani laburare mai suna event-stream aka cusa mugun kod don satar bitcoin.

Amma a san iyakarsa. Muddin an kira laburare ko sau ɗaya ne, Knip na ɗaukarsa mai amfani, alhali nan ne asarar ta fi yawa. Laburaren Moment gaba ɗayansa muke lodawa don nuna kwanan wata kawai, ga shi masu shi tun Satumba 2020 suka ba da shawarar sababbin ayyuka su nemi wani. Day.js kuwa, mai yin irin aikinsa, kusan kilobait 2 ne. Haka muke loda laburaren lodash gaba ɗaya, saboda aiki ɗaya kaɗai mai suna debounce. Sai da webpack-bundle-analyzer, mai auna girman kowane ɓangaren manhaja, muka ga girman wurin da suka cinye.

Wannan ne ya fi damuna. Nauyin nan ba mu ke biyansa ba, hajiyar da ke sayen data na 'yan sidi da momo ce, tana tsaye a shago tana jiran shafi ya buɗe.

Yanzu mun sa Knip yana duba kod kafin a haɗa kowane sabon gyara, girman manhajar kuma muna aunawa daban.