Inoks 201 ko 304: wanne za a saya?

Masu sayen inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, a kasuwar Katako, nan Yamai, sun sha tambayata wannan, don a ido duka biyun sheƙinsu ɗaya.

Bambancin yana cikin haɗin. Shi 304 yana da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. A 201 an rage nikel, an cike da manganis, shi ya sa ya fi araha. Amma kariyarsa ba ta kai ta 304 ba: gishiri, ruwan jabel ko danshin damina sukan bar masa ɗigon tsatsa, musamman a bakin walda idan ba a goge wurin sosai ba. Shi ma 304 jabel na cinsa in ya daɗe a kai.

Wajen aiki 201 ya fi tauri, lanƙwasa shi sai da ƙarfi. Kada a dogara da maganaɗisu, don yawanci ba ya kama ko ɗaya. A nemi ganin lambar ƙarfen, 201 ce ko 304.

Mai ƙyauren cikin gida ko mariƙin bene, 201 ya ishe shi, iskarmu busasshiya ce. Mai tankin ruwa, teburin mahauci ko mazubin madarar sayarwa, ya ƙara kuɗi ya ɗauki 304.