Kafin ka biya kuɗin manhaja, tambayi inda aka sa adireshin saba

Masu makarantu da kemis a nan Katsina da kuke ba yara kwangilar manhajar burauza, akwai abin da ba kwa tambaya, wato a ina aka ajiye adireshin sabar da manhajar ke kira ta ɗauko bayanai (saba ita ce kwamfutar da bayanan ke ajiye a kanta).

Wasu masu haɗa manhaja cusa shi suke yi cikin kod lokacin haɗawa, irin saitin VITE_ ɗin nan ko fayil ɗin environment.ts na Angular (Vite da Angular kayan haɗa manhaja ne), da an haɗa ya daskare kenan, ranar da ka canza saba sai an sake haɗa komai daga farko. Ni dai ban son shi. Akwai kuma na fayil ɗin env.js da Docker (kayan da ke tayar da manhaja a kan saba) ke rubutawa lokacin tashi, yana aiki, amma wa zai tsaya yana kula maka da Docker?

Wanda nake so shi ne config.json. Ɗan fayil ne da ke zaune gefen index.html, wato shafin farko na manhajar, manhaja na buɗewa sai ta fara karanta shi ta ga inda za ta kira sannan ta ci gaba, a Angular da APP_INITIALIZER ake yi a da, yanzu provideAppInitializer ne ya maye gurbinsa. Haɗi ɗaya ya isa gwaji ya isa aikin gaske, in ka bar kamfanin da ke riƙe maka saba layi ɗaya kawai za ka gyara, ko da Notepad ne. Amma ka ce a sa masa Cache-Control: no-store, wato umarnin kar burauza ta ajiye kwafinsa, in ba haka ba burauza ta riƙe tsohon adireshi wayoyin mutane su yi ta kiran sabar da babu ita.

To a nan ne ake cutar mutane wallahi. Wani da ya yi wa makarantar yayana aiki adireshin sabarsa ya dasa cikin kod kuma ya ƙi ba da asalin kod ɗin, da suka so tashi sai da ya sake karɓar kuɗi, ana tsakiyar fitar da sakamakon jarabawa. Wasu kuma su ce maka sun ɓoye makullin Paystack (lambar sirrin asusunka na karɓar kuɗi) a cikin fayilin manhajar, ƙarya ne, duk abin da ya isa burauza danna F12 kawai ake a gani. Mai farawa da pk_ ba matsala, amma in ka ga sk_ a fayilin nan wannan shi ne na sirri, kar ka cika wa mai haɗa manhajar kuɗinsa sai ya mayar da shi saba an kuma canza sabon makulli. Ka sa ya canza adireshin a gabanka ka ga manhajar ta bi, kuma ka karɓi kod ɗinka a filas kafin ya tafi.