Salon Pueblo da na Territorial a hannun John Gaw Meem

Tarin fuka ne ya kai John Gaw Meem garin Santa Fe, a jihar New Mexico ta Amurka, a 1920. Jinya ya je yi, sai ya zauna, ya zama mai zanen gine-ginen da ya fi kowa tasiri a yankin har rasuwarsa a 1983. Salo biyu ya fi aiki da su.

Na farko shi ne Pueblo, wanda ya samo daga ginin ƙasa na ƴan asalin yankin da tsofaffin majami'un Sifaniyawa. Bango mai kauri, kusurwa a dunƙule kamar an shafe ta da tafin hannu, gungumen itace na leƙowa ta saman bango, ga indararo. Duk wanda ya tashi a gidan soro zai ga kamar ya san wurin. Majami'ar Cristo Rey, da aka kammala a 1940, da tubalin laka aka gina ta, kuma mutanen unguwar ne suka buga tubalan. Ɗakin karatu na Zimmerman a Jami'ar New Mexico ma wannan salon ne.

Territorial kuwa ɗan kwalisa ne. Kusurwa a miƙe, tagogi da farin katako, jan bulo jere a saman bango don kada ruwa ya ci ginin. Ginin La Quinta da ke gonar Los Poblanos, kusa da birnin Albuquerque, misali ne.

Wajen jure ruwa, dabarar bulon nan ta fi, don laka sai da yaɓe akai-akai. Amma ni dai Pueblo ya fi kwanta mini, ko don sanyin ɗakinsa da rana tsaka.