Daren Marubuta a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarka kan yadda marubuta ke taro a nan Ingila.

Yawancin irin wannan dare a laburaren unguwa ake yin sa, ko a shagon littattafai bayan an tashi ciniki. Ana ajiye takarda a bakin ƙofa, duk mai son karanta waƙarsa ko gajeren labari ya rubuta sunansa. Minti uku zuwa biyar ake ba kowa, kuma da lokaci ya cika sai a dakatar da kai, ko da kai farfesa ne. Babu shugaban taro, babu uban taro, babu babban mai ƙaddamarwa da za a zauna jira har dare ya raba. In an ce ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai ɗin ne. Wanda ya fitar da sabon littafi zai jera shi a tebur, kowa ya saya a kan kuɗin da ke jikin bangon littafin, ya sa masa hannu, shi ke nan.

Da farko na raina abin. Na ce to ta ina marubucin zai mayar da kuɗin ɗab'i? A gida ai ranar ƙaddamarwa ce kasuwarsa. Ashe a nan ta wasu ƙofofi kuɗin ke shigowa. Tun 1979 akwai dokar da ta ce duk littafin da aka ara a laburaren gwamnati, a biya marubucinsa ɗan wani abu. Babban Laburaren Birtaniya ne ke lissafin, kuma mutum ɗaya ba ya wuce fam 6,600 a shekara. Ba arziki ba ne, amma ka duba: karatun aro, wanda a gida shi ne ke karya marubuci, a nan shi ke kawo masa 'yan canji. Sannan littafi ba ya cikin kayan da ake ɗora wa harajin saye. Akwai kuma hukumar raya fasaha ta Ingila da ke tallafa wa irin waɗannan taruka, sai dai wani kaso na kuɗinta daga cacar ƙasa yake fitowa, wadda aka fara a 1994. Wannan kam na bar wa malamai.

Batun littafin kansa, a gaskiya sun fi mu. Takarda mai kauri, ɗinki ba ya warwarewa, kuma edita ya bi shi layi-layi kafin ya fito. Amma da tsada, ga shi diwanin waƙoƙinsu siriri ne, kafin ka gyara zama ya ƙare. Shi ya sa laburare ya zama gatan talaka. Dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da shi, katin shiga kyauta, aro kyauta. A Landan ma akwai laburare guda na waƙoƙi zalla, an kafa shi a 1953, yana cikin cibiyar Southbank a bakin kogin Thames. Kada dai ka ɗauka aljanna ce. Daga 2010 zuwa yau an rufe ɗaruruwan laburare saboda tsuke bakin aljihu, wasu kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da su.

Inda muka fi su shi ne kunne. Mawaƙinsu zai riƙe waya yana karantawa da murya ɗaya, ba kari, ba amsa-amo, ba rerawa, jama'a su yi tsit kamar ana zaman makoki. Rabin masu sauraron ma marubuta ne da ke jiran a kira sunansu. Waɗanda suka ɗan kusance mu su ne matasa masu waƙar baka, da ke haddace abinsu su fito su zuba da hannu da jiki. Gasar tasu daga Chicago ta Amurka ta samo asali a shekarun 1980, kuma in baiti ya yi daɗi ba a tafi, sai dai a ƙyasta yatsu don kada a katse mai magana. Duk da haka ban ga abin da ya kai yadda matanmu ke bin labari a WhatsApp ba, su biya kuɗin ci gaba da kansu, ko su kwana suna sauraronsa a YouTube. Marubucin nan zai yi kishin irin waɗannan masu karatu.

Laburaren unguwarmu yana da sashen Urdu da Bangali da Somaliyanci, amma babu ko littafin Hausa guda. Ma'aikaciyar ta ce in kawo sunayen littattafai masu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, za su duba yiwuwar saye. Don Allah Yaya ka bincika min cikin sababbin da suka fito, waɗanne ne ke da lambar, ka turo min hoton bangonsu gaba da baya. A gaida Inna da yara.