Direban wayfai ya ɓace a kwamfuta: ta waya ko ta filashi?

'Yan uwanmu masu shagunan buga takardu a nan Jidda sun sha tambayata: an sake ɗora Windows, wayfai ya ɓace, wace hanya ta fi wajen dawo da direbansa, wato manhajar da ke sa na'urar wayfai ta yi aiki?

Ta waya ta fi sauƙi. Ka jona wayar Android da kebul, ka kunna raba intanet ta USB, sai Windows Update, wato sashen sabunta Windows, ya nemo direban da kansa. Illarta cin data, don yakan jawo wasu sabuntawar da ba ka nema ba.

Ta filashi kuwa sai da haƙuri. Ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfutar, ka nemo na'urar mai alama ruwan ɗorawa, ka duba lambarta: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek. Da ita za ka sauko da direban daga shafin kamfanin a wata kwamfutar, ka kwaso shi a filashi. Nan haɗarin yake. Wani maƙwabcina ya ɗauko nasa a shafin da bai sani ba, ƙwayar cuta ta cinye masa takardun abokan ciniki. Abin ya dame ni ƙwarai.

Mai kwamfuta ɗaya a gida, waya ta ishe shi. Mai shago da kwamfutoci da yawa, ya ajiye direban a filashi, gobe ma zai buƙace shi.