Bakin Tekun da Ba Hayaniya: Ina Ɗan Zango Zai Kai Iyalinsa?

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin tekun Labadi a Ankara washegarin Sallah ya san abin da ake gudu. Lasifika ta kowace kusurwa, masu dawaki suna ratsa mutane, 'yan talla ba sa barin ka haɗiye loma, ga kuɗin shiga a ƙofa. Alhali gaɓar tekun Ghana ta kai kusan kilomita 550, daga Aflao har iyakar Kwaddibuwa, kuma mafi yawanta ba kowa sai kwakwa da kwalekwalen masunta. Matsalar ita ce zaɓe, don ba kowane wuri mai shiru ne ya dace da iyali ba.

Na cikin Ankara da kewaye, a taƙaice. Jamestown da Korle Gonno: duk sharar da kogin Odaw ya kwaso daga Nima da Circle can take sauka, a bar su. Kokrobite: kiɗa da hayaƙi daren Asabar, ba wurin kai Hajiya da yara ba ne. Bojo yana da tsabta, kuma tsallake ruwan Densu a kwalekwale yana burge yara, amma ranar Lahadi Labadi ce ta biyu. In dole sai nan kusa, a je ranar aiki da hantsi.

Ada Foah ta fi waɗannan nesa ba kusa ba. Kilomita ɗari da 'yan kai ne daga Ankara: a bi babbar hanyar Tema, a miƙe hanyar Aflao, a karya dama a mahaɗar Kasseh. Nan ne kogin Volta ke shiga teku, sai ka tarar da siririn yashi, kogi a gefe ɗaya, teku a ɗaya gefen. Ana zuwa a dawo rana guda. Aibinta biyu: masu kuɗin Ankara sun mamaye bakin kogin da gidajen hutu da baburan ruwa masu ƙara a ƙarshen mako, sannan kusan duk wuri mai kyau sai da kwalekwale, wato wuyanka yana hannun mai jirgi. Za mu dawo kan wannan.

Mutanen Kumasi, wanda ya fi muku sauƙi shi ne Brenu Akyinim da Ampenyi, yamma kaɗan da Elmina. Mota daga Kumasi ta bi Assin Fosu ta faɗo Yamoransa, ta shiga Cape Coast, daga nan tafiyar ba ta da yawa. Yashi mai faɗi, inuwar kwakwa, ga gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 in ana so yara su ga tarihi da idonsu. Ruwan wurin dai yana da ƙarfi. Busua kuwa ta zama garin Turawa masu hawan raƙuman ruwa a kan allo, da mashaya jere. Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu, shiru kamar maƙabarta, amma hanyar da damina sai mota mai tsayin ƙafa.

Wanda ya fi su duka shi ne Butre.

Ƙauyen masunta ne na ƙasar Ahanta, gabas da Busua, tsakaninsu tudu ɗaya. Daga Ankara a shiga motar Takoradi a tashar Kaneshie. A tashi da an idar da Asuba, domin in rana ta fito cunkoson Kasoa kaɗai zai iya cin awa guda ko fiye. Tafiyar kanta awa huɗu zuwa biyar ce. Daga Takoradi a kama trotro zuwa Agona Nkwanta, kamar kilomita 25, daga can tasi ta haɗaka zuwa Butre. A yi cefane a kasuwar Agona kafin a shiga: ruwan sha, burodi, albasa, gawayi, kuma a ciro tsabar kuɗi, don a ƙauyen ba banki.

Abin da ya bambanta Butre shi ne tsarin da Allah ya yi wa wurin. Kogi ya raba gari da yashi. Gidaje, tarun masunta, wurin ƙyafe kifi, duk suna gefe ɗaya. Sai ka taka gadar katako ta masu ƙafa, ka tsallaka, ka faɗa doguwar gaɓa wadda ba gida sai 'yan masaukai ƙalilan. Wannan rabuwa ba ƙaramin abu ba ce. Babbar annobar bakin tekun ƙasar nan ita ce bahaya a yashi da sassafe, a duk inda gidaje suka matso ruwa kuma ba bayan gida. Ka'idar ita ce: ka yi nisan aƙalla tafiyar minti goma daga inda ake jan kwalekwale. A Butre kogin ya riga ya yi maka wannan aikin.

Ga kuma ruwa iri biyu a wuri ɗaya. Yara su yi wasa a gefen kogi inda ba zurfi, da babba a tsaye kansu, nesa da bakin da yake haɗuwa da teku, don nan ruwan yana gudu sosai lokacin da teku ke janyewa. A bisa tudun da ke kan garin akwai kangon ganuwar Batenstein, wadda Turawan Holan suka gina a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta. Hawan yana sa haki, amma daga sama za ka ga kogi, gari da gaɓa gaba ɗaya, har ka zaɓi inda za a shimfiɗa tabarma. Da sassafe ana shiga kogin da kwalekwale cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, a ga tsuntsaye da ƙaguwa. Sauro kuwa yana nan, kada a kwana ba gidan sauro.

Sallah ba ta da wuya. Ruwan teku yana halatta alwala, sai dai a ɗebo a buta, kada a tsuguna inda igiyar ruwa ke bugawa. Alƙibla gabas ce maso arewa, wato galibi teku yana hannun damanka, amma tunda gaɓar tana lanƙwasa, a duba da waya. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma yana rufewa da sauri, a tsallako gada kafin Magariba. Abinci: kifi, dokunu da shito ba matsala, nama kuwa a tambayi wanda ya yanka, ko a taho da shi daga Zangon Takoradi.

Lokaci. Nuwamba zuwa Maris ya fi, in ka cire makon Kirsimeti, sabuwar shekara da Ista. Mayu da Yuni ruwan sama ne, kuma yammacin ƙasar ya fi ko'ina samun sa. Koguna suna kwaso leda su zube a gaɓa. A Agusta teku yana sanyi, sama a lulluɓe. Wasu lokutan wata ciyawar teku ja-ja tana taruwa a gaɓar yamma, ta ruɓe ta yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A tambaya kafin a taso. Talata ita ce ranar da yawancin masuntan Ga da Fante ba sa fita teku, don haka shiru ya fi yawa, amma sabon kifi ya yi ƙaranci, kuma ba masu kwalekwale a ruwa in wani ya shiga matsala.

Yanzu ga inda ake cin mutane, kuma a karanta wannan da kyau ko da ba Butre za a je ba.

Na farko, kuɗin ajiye ɗaki ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Wani zai buɗe shafi a Facebook ko Instagram da sunan masauki na gaske, ya kwashi hotunansu, ya sa lambarsa. Za ka tura rabin kuɗi, ka iso da iyali da yamma, masu wurin su ce ba su san zancen ba. Kafin ka danna tura, momo yana nuna sunan mai lambar: in sunan mutum ne da ba shi da alaƙa da masaukin, dakata. Ka nemi a kira ka ta bidiyo, a zaga da kai ɗakin, bayan gida da bakin ruwa a wannan lokacin. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce ɗaki ɗaya ya rage, a tura yanzu-yanzu, shi ne ɓarawon. Kuma ba wani masauki da ke bukatar lambar sirrinka.

Ko masaukin na gaske ne, hoto yana ƙarya. An ɗauke shi da rani, an share yashi, an juya baya ga juji. "Daf da teku" kan zama tafiyar rabin awa. "Akwai wuta" kan zama wutar sola da ke ƙarewa tsakar dare, fanka ta tsaya. A tambaya dalla-dalla: ruwan wanka na famfo ne ko na bokiti, kuma akwai kiɗa da dare ko babu.

Na biyu, masu igiya. Samari biyu su ɗaure igiya a hanya, su ce kuɗin shiga. Wasu ƙauyuka suna da kuɗin baƙi na gaske, amma da rasit mai hatimi. Ba rasit, ka ce cikin ladabi a kai ka wurin sarkin masunta, wanda Fante ke kira Apofohene, ko ɗan majalisar unguwa. Yawanci igiyar takan sauka da kanta.

Na uku, mai kwalekwale, musamman a Ada. Ya faɗi farashi, ka biya, ya sauke ku. Da la'asar ya ce wancan na zuwa ne, komawa daban, kuma ya ninka, don ya san ba ku da wata hanya. A yi ciniki a fili: zuwa da dawowa, na kowane mutum ne ko na jirgi duka, ƙarfe nawa zai dawo. Rabi a farko, rabi in ya dawo da ku. A ƙirga rigunan ceto kafin a hau, kowa da tasa har yara. Haka mai gasa kifi: a yi kuɗin kifin yana ɗanye a gabanka. Haka mai cewa zai raka ku ganuwa ko ya bi da ku ta tudu zuwa Busua. Wannan hanyar daji ce, a nemi ɗan rakiya daga masauki, kada a bi da waya a hannu. Wanda ya kawo ƙwan kunkurun teku ko namansa kuwa, dokar ƙasa ta hana, mai saye ma yana cikin laifi.

Shirun nan da ake nema yana nufin ba mai ceto a bakin ruwa. Tekun Ghana yana da wata igiyar ruwa mai jan mutum ciki, kuma tana ɓoyewa ne a daidai inda ruwa ya fi kama da lafiya: wani siririn layi mai duhu, raƙuman ruwa ba sa fashewa a cikinsa, kumfa da shara suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Jallabiya, abaya da dogon hijabi in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. In igiyar ta ɗauki mutum, kada ya yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye; ya yi iyo gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga layin, sannan ya juyo. Na waje su jefa masa jarka marar komai a rufe, ko igiya, su kira masunta, su buga 112.