Littafin Crabtree na kemistirin ƙarfe da kabon: ya ci kuɗinsa, amma kada ka fara da shi

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe a sashen kemistiri ya haɗu da kwas ɗin oganometalik, wato nazarin sinadaran da atam ɗin ƙarfe ke haɗe kai tsaye da atam ɗin kabon. An kuma san yadda ake cin jarrabawarsa: a haddace handawut, a juye a takarda, a fito. A digiri na biyu wannan dabarar ba ta kai mutum ko'ina. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Gombe ina kuma karatun, shi ya sa na nemi littafin da zai zame mini malami da daddare, bayan na gama duba aikin yara. Wanda na zauna da shi sosai shi ne The Organometallic Chemistry of the Transition Metals na Robert Crabtree, farfesan da ya koyar a Jami'ar Yale ta Amurka. Bugu na farko ya fito a 1988, na bakwai a 2019. Nawa tsohon bugu ne na hannu, domin kuɗin sabo, yadda dala take yanzu, ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta.

Babban abin da littafin ya yi mini shi ne koya mini ƙirga. Tun a babi na biyu yake dasa ƙa'idar ilektaron 18, wadda ta ce irin wannan sinadarin ya fi zama daram idan ilektaron na waje da ke kewaye da ƙarfen suka kai 18, kuma ya kawo hanyoyin lissafin guda biyu kafaɗa da kafaɗa. Ɗauki ferosin, atam ɗin baƙin ƙarfe a tsakiyar zobba biyu na kabon. A hanya ta farko ƙarfen yana da 8, kowane zobe ya ba da 5, jimla 18. A ta biyu a ɗauka ƙarfen ya rasa biyu saura 6, kowane zobe ya ba da 6, nan ma 18. Ɗalibai da yawa na faɗuwa ne saboda handawut ya bi hanya ɗaya, littafin laburare ya bi ɗayar, su kuma su cakuɗa. Ganin su a jere ya kashe wannan rigimar. Kuma bai ɓoye inda ƙa'idar ke karyewa ba: katalis (sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu) na Wilkinson, mai ƙarfen rodiyam a tsakiya, 16 gare shi, kuma wannan gurbin da ya rage shi ne ƙofar da aikinsa ke shiga.

Daga nan sai ka ga fannin da ka zata teku ne ashe matakai ne 'yan kaɗan da ke ta maimaituwa. Ƙarfe ya kama sinadari, ya tsinka wani haɗi ya riƙe gutsattsarin biyu, ya cusa ɗaya cikin wani, ya haɗa ya saki. Hanyar Monsanto ta yin asetik asid daga metanol da iskar CO (kabon monoksayid) ita ce ta fi nuna mini haka. Na zana zagayen a bayan takardar tambayoyi, ina rubuta adadin ilektaron a gefen kowane mataki da fensir: 16, 18, 16, 18, a koma 16. Tun daga ranar ban sake buƙatar haddace shi ba, lissafin da kansa ke gaya maka abin da zai biyo baya.

Bayaninsa kan yadda CO ke manne wa ƙarfe ma abin yabo ne. Ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: CO ya miƙa wa ƙarfe ilektaron biyu, ƙarfen ya mayar masa da nasa ta wata kafar, wanda ke raunana haɗin kabon da oksijin. Kuma ana ganin shaidar a na'urar infirared. A ma'aunin na'urar, CO shi kaɗai yana fitowa a lamba 2143, a jikin nikel ya sauko wajen 2060, a jikin kuromiyam wajen 2000. Gwargwadon yadda ƙarfe ya mayar, gwargwadon yadda lambar ke sauka. Akwai tambayoyi a ƙarshen kowane babi da amsoshinsu a bayan littafin, abin da ke da matuƙar amfani ga mai karatu shi kaɗai.

To amma littafin ya ɗauka ka iso da guzurinka. Idan obital na d, wato mazaunin ilektaron a atam ɗin ƙarfe, da rabuwarsu ba su zauna maka ba, babin farko zai ruga da kai a guje. Wata ƙanwata da ke aji uku a jami'a ta are shi, ba a jima ba ta dawo da shi tana cewa, "Yaya, wannan ai ba da mu yake magana ba." Gaskiyarta. Na ce ta fara gama babin sinadaran ƙarfe a littafin inoganik na gama-gari tukuna. Sannan, kamar yadda sunansa ya nuna, ƙarafan tsakiyar jadawalin sinadarai ne gonarsa. Mai neman sinadaran Grignard na magniziyam, waɗanda aka gano a 1900 suka kuma kawo kyautar Nobel a 1912, ko na litiyam da zinki, sai ya leƙa wani wuri.

Wurin da na leƙa shi ne Organometallics na Christoph Elschenbroich, Bajamushe, bugu na uku na Turanci na 2006. Wannan na dubawa ne, ba na karantawa daga bango zuwa bango ba, jimlolinsa a dunƙule suke. Amma ya haɗa kowane ɓangare na jadawali, kuma jerin tarihin da ya buɗe da shi ya sa na ga fannin a matsayin aikin mutane: gishirin Zeise a 1827, Mond da nikel kabonil a 1890, ferosin a 1951, wanda fahimtar siffarsa ta kai Fischer da Wilkinson ga Nobel a 1973. Na John Hartwig na 2010 kuwa ya haura shafi 1,000, sai mai bincike na gaske.

Gargaɗi ga masu fotokofi, kuma na san yawancinmu ne: zanen obital yana da ɓangare mai duhu da mai haske, ma'anar duka a nan take. Wani shago ya buga wa abokin karatuna babin farko, duka ɓangarorin suka fito baƙi ƙirin. Tsaya a kan mai injin ya rage tawada, ka duba shafi ɗaya kafin ya ci gaba.

Abin da ke ci mini rai, wanda ba laifin kowane littafi ba ne, shi ne yawancin waɗannan sinadarai ba sa shiri da iska ko danshi, sai a ƙarƙashin naitirojin ko agon ake sarrafa su, don haka da yawanmu a takarda kawai muka san su. Amma amfaninsu na gabanmu. Buhunan da ake ɗura masara da wake a kasuwar Tudun Hatsi na folifurofilin ne, robar da ake yi da katalis irin na Ziegler da Natta, masu Nobel ta 1963. Da wannan misalin nake buɗe darasin folima, wato sinadarai dangin roba, ga 'yan SS3 yanzu, kuma suna saurare.

Ga ɗan digiri na biyu, ko ɗan ajin ƙarshe mai niyyar ci gaba, Crabtree ya cancanci saye, ko da mutum uku ne za su haɗa kuɗi. Tsohon bugu ya wadatar ga babi tara na farko, inda tushen yake. Elschenbroich kuwa aro ya isa.